Wutar wa?

Wai "gara lokacin Turawa". Abin da wani bawan Allah ya rubuta ke nan jiya a ƙarƙashin wani bidiyo na ɗauke wuta a Afirka ta Kudu, jama'a kuma sai tafa masa suke. Wai a zamanin wariyar launin fata ba a san ɗauke wuta ba. Sannu malamin tarihi! Wutar wa?

A cikin Soweto, unguwar baƙar fata da ke gefen Johannesburg, aka gina tashar lantarki ta Orlando. Kwal take ƙonawa, hayaƙin ya sauka a kan kwanon rufin baƙar fata, wutar ta zarce Johannesburg, garin da doka ta ce na Turawa ne. Yaron da ke hango hasumiyoyinta ta taga, da kyandir ko fitilar kananzir yake karatu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To yaya za a ɗauke maka abin da tun farko ba a ja maka ba?

Titunan da kake yabo ma, na wa ne? Baƙin mutum bai isa ya taka su ba sai da littafin izini a aljihu, in babu a wuce da shi caji ofis. A kan wannan littafin aka harbe mutum 69 a Sharpeville a 1960, da yawansu ta baya, suna gudu. Dokar filaye ta 1913 ta bar wa masu ƙasa kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasarsu. A 1955 aka fara kwashe mutanen Sophiatown, wata unguwar baƙar fata a Johannesburg, a manyan motoci, aka rushe gidajensu, aka gina wa Turawa unguwa, aka raɗa mata suna Triomf, wato nasara. Ko kunya babu.

Kada wanda ya zo min da zancen satar 'yan ANC, jam'iyyar da ta karɓi mulki bayan wariya, na sani, ban ce waliyyai ba ne. Maganar korar 'yan Najeriya kuma rubutu ne na wata rana.

Wallahi abin yana min ciwo. Akwai tsofaffi da ransu a Soweto da suka binne 'ya'yansu a 1976, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta, kai kana kwance da waya kana musu kewar wancan zamani.

Af, tashar Orlando ta daina aiki tuni. An yi wa hasumiyoyin fenti, yanzu masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi a ɗaure su da igiya su diro daga sama. Ni ko ni za a biya, ƙafata ba za ta hau wurin nan ba.