Riguna uku na Kawu da zaman bakin Dukku

Jama'a ku yi haƙuri da ni yau, rubutun zai ɗan yi tsawo, maganar ta daɗe tana ci mini rai.

Shekaranjiya da la'asar sakaliya ina zaune can gangaren Dukku, daidai inda gidajen Birnin Kebbi ke ƙarewa fadama ta karɓa, sai wani yaro da na koyar shekarun baya ya zo wucewa da kabu-kabu, ya taka birki ya sauko ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce, Malam lafiya dai kai kaɗai nan, ko wani abu ya faru gida? Na ce masa lafiya lau ɗana, zama kawai nike. Ya dube ni ya dubi ruwa, na ga alamar bai yarda ba, ya ce to Allah shi kyauta ya ja mashin. Wallahi tambayar nan ta kwana a raina. Wato mun kai lokacin da in an ga namiji zaune shi kaɗai ba waya a hannu ba majalisa, to ko bashi ya yi masa katutu, ko sun yi faɗa da iyali, ko kuma an fara zargin iska.

Ni kuwa wanga zama gado na yi, wurin ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Kawu ƙaramin ma'aikaci ne har ya yi ritaya bai taɓa hawa motar kansa ba, kuma abin da na sani da idona manyan rigunansa uku ne. Fara ta Juma'a da salla, shuɗiya ta rini wadda ta sha bugu har tana ɗaukar ido, sai wata ruwan ƙasa ta zaman makoki da ɗaurin aure. Uku ɗin nan dai. Amma duk unguwarmu in anka ce ɗan gayu shi ake nufi. Shi ke wankinsa da hannunsa, ya sa sitati daidai ba mai sa riga ta tsaya kamar kwali ba, ya hura gawayi a dutsen guga ya goge gindin dutsen da tsumma kafin ya ɗora, ya ninke ya sa ƙarƙashin filo. Hularsa kube guda biyu, yana da karin da yake musu ta gefen hagu wanda ko daga nesa ka hango ka san shi ne tafe. Takalminsa sau-ciki ya sha faci amma ba ka ganin ƙura a kai, ga turare ɗan kaɗan wanda sai kun yi musabaha za ka ji. Wata rana ina yaro na tuɓe rigar makaranta na jefar kan tabarma, ya kira ni ya ɗaga shuɗiyar nan ya ce, ɗana wagga riga ta girme ka, amma ba ta taɓa kwana a yashe ba. Iyakar abin da ya faɗa kenan, bai ƙara ba.

Kuma kullum bayan asuba, in ya gama lazimi, sai ya taka zuwa bakin fadama ya zauna kamar rabin awa ya dawo. Ba gona gare shi can ba. Da ina ɗauka tsabtar nan da zaman nan abu biyu ne daban, sai da na girma na gane tushensu ɗaya. Mutumin da ke samun lokacin zama da kansa shi ke sanin abin da ya karɓe shi, da abin da aljihunsa zai ɗauka, da abin da ba ruwansa da shi ko duk gari na yi.

Yanzu dubi halin da muke ciki. Tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, shadda Getzner kuwa da ake kawowa daga Ostiriya, yadi goma mai kyau ya haura wannan kuɗi tun kafin a je wurin tela a yi maganar aiki. Amma ka je ɗaurin aure ranar Asabar ka ga samari ashirin, shadda iri ɗaya, ɗinki iri ɗaya, aikin wuya iri ɗaya, hula iri ɗaya, tsayuwar ɗaukar hoto ma iri ɗaya, rabinsu kuma tela na binsu cikon kuɗin sallar bara. Ka tambayi ɗaya me ya sa ya zaɓi kalar, ya ce ita ake yayi. Ɓangaren mata ya fi ban tausayi, anko uku a biki ɗaya, na kamu daban na yini daban na dina daban, wadda ba ta yi ba a ce ba ta son amarya, na san matar da ta sayar da akuyarta ta kiwo saboda leshin da sau ɗaya ta saka ya koma akwati. Kayan aro ba ya rufe katara, kayan bashi ma haka, mai shi yana tafe yana ƙyalli cikinsa na ɗurar ruwa kar ya haɗu da mai kuɗin.

Kar wani ya ce Malam na yaƙi da gayu, ko kaɗan. Ni ma ina son wanka, ina son in ga yaro fes. Hadisi ne ingantacce a Muslim, da Annabi (SAW) ya yi magana kan girman kai wani ya ce ai mutum na son tufarsa ta yi kyau takalminsa ya yi kyau, Annabi ya nuna masa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. To ka ga ado ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne adon da ba naka ba, wanda wayar hannu ta zaɓa maka. A watan Afrilu garin nan zafi na wuce digiri 40, ka ga mutum cikin yadi mai roba-roba baƙi wuluk, zufa na bin bayansa, don kawai ya gani a TikTok jikin wani da ke zaune cikin sanyin na'ura. Kakanninmu da sunka saka farin saƙi na auduga mai faɗin hannu da malfa a ka ba ƙauyanci ya sa su ba, sun san ranar ƙasarsu, rigar na barin iska ta shiga ta fita.

Kuma salon mutum ai bai tsaya ga tufa ba. Yadda kake gaisuwa yana ciki, ko kana tsayawa ka tambayi mutanen gida ko ɗaga hannu kawai kake kana danna waya. Yadda kake cika alkawarin lokaci, yadda kake biyan mai wankin hula ba sai ya biyo ka gida ba, ƙarfin muryarka a cikin mutane, ko ƙofar gidanka na shan shara. Akwai wani dattijo mai sayar da goro kusa da babbar kasuwa, 'yar shara ce jikinsa kullum, amma yadda yake jera goron kan faifai, fari gefe ja gefe, ya yayyafa ruwa ya rufe da algarara, ka san wanga mutum yana da tsari a rayuwarsa. Ni a wurina ya fi masu gezna da yawa iya wanka.

To ina mutum zai gane nasa tsarin in kunnensa bai taɓa hutawa ba? Da safe hayaniyar 'yan makaranta da hon ɗin kabu-kabu, a ofis surutun siyasa, da yamma majalisa ana ta wane ya sayi kaza wane ya gina kaza, da dare janareta na maƙwabci in an ɗauke wuta, ka kwanta kuma waya na kan ƙirji har barci ya sace ka. Waya muna kai ta caji sau biyu a rana, ko wurin mai caji ne mu biya, amma kanmu da ke ɗauke da duk wannan kaya ba ya samun ko minti goma na shiru.

Wuraren nan kuwa suna nan cikin gari, ba sai ka yi kuɗin mota ba. Bakin Dukku da na faɗa shi ne nawa. Lokacin noman rani in shinkafa ta yi kore shar har iyakar ganinka, ba shiru ne na kabari ba, akwai ƙarar injin ban ruwa can nesa, akwai ihun yara masu korar jan baki, balbela na bin shanu, wani lokaci jirgin masunta ya ratsa a hankali, amma duk cikin sautin nan ba wanda ke neman wani abu wurinka, ba wanda ke auna ka. Akwai gawo guda da nike zama kusa da shi, kun san halin gawo, da damina sauran itatuwa na ganye shi ya kaɗe nasa, da rani kowa ya bushe shi ya yi kore, dabbobi su samu inuwa da 'ya'yan ci, manomi ya samu taki ƙarƙashinsa. Ina son icen nan ƙwarai.

Sai masallacin unguwa tsakanin azahar da la'asar, bayan an watse, fanka a kashe tabarma da sanyi, ka jingina da ginshiƙi. Sai wasu layuka na unguwar Gesse da safiyar Asabar kafin gari ya tashi, inuwar dogon yaro ta rufe hanya. In kana da hali ka shiga mota zuwa Argungu ranar da ba biki, kowa ya san gulbin Matan Fada ranar bikin kamun kifi, bikin da anka faro a 1934 har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, dubban masunta da gora da homa ana kiɗa ana turereniya, amma kaɗan ne sunka san yadda wurin yake ranar Talata da hantsi, ruwa kwance ba kowa. Daga nan ka leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fada ce da anka mayar gidan tarihi a 1958, kaurin ginin ƙasar kawai ya isa ya sanyaya maka jiki, ka tsaya gaban kayan yaƙi da tambura ka ga yadda mutanen da ke ƙawata ko abin da za su fita fage da shi.

Janye jiki ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, a tsakiyar jihadi da ya ga son duniya da ƙawa sun fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, barin rundunar ya yi ya nufi gabas da niyyar Makka, mutanen Kano sunka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kafin ya dawo. Duk sanda na ziyarci hubbarensa a Gwandu sai na tuna mutum ne da ya san lokacin da ya kamata ya fita daga cikin taro. Ga i'itikafin goman ƙarshe na azumi nan kuma muna yi duk shekara, sai dai da an ga wata mu koma kamar ba a yi ba.

Abu biyu ke sosa mini rai. Na farko mata. Duk wuraren da na ambata na maza ne, mace ba za ta je bakin gulbi ta zauna ita kaɗai ba, ba za ta jingina a masallaci ba, daga murhu sai wanki sai goyo sai baƙi. Yayata ta taɓa ce mini, ƙanena ni shiruna guda ne, tsakanin sallar asuba da tashin yara, in na samu na kunna turaren wuta na zauna tsakar gida. Tun ranar na ɗaura wa kaina, duk Juma'a bayan la'asar ni ke kwasar yara mu fita, uwarsu ta samu gidan ita kaɗai ko da awa ɗaya ne, ta yi lalle in ta so, ta yi barci in ta so, kuma ina roƙon magidanta ku gwada. Na biyu, wuraren kansu raguwa suke. Duk filin da ya rage a unguwa an yanka shaguna, dogon yaron da ya shekara talatin a sare shi rana ɗaya don faɗin kanti, ga rashin tsaro ya sa bayan gari da da muke fita shan iska yanzu mutum sai ya yi tunani biyu, musamman 'yan uwanmu na yankin Zuru da Zamfara, Allah ya kawo musu sauƙi da mu baki ɗaya. Wanda ke da ƙofar gida ya dasa ice ko guda, ya sa benci ƙarƙashi.

Jiya na koma wurina, sai ga yaron nan ya sake biyowa, wannan karon ba fasinja. Ya kashe mashin ya ce Malam in zauna? Na matsa masa. Ya ciro waya ya duba ya mayar aljihu, ya sake cirowa ya mayar, can ya haƙura ya miƙe ƙafa yana kallon masu ban ruwa suna naɗe tiyo. Ba mu ce uffan ba har anka kira magariba a masallacin da ke bayanmu, ya tashi ya kaɗe wandonsa ya gyara zaman hularsa, ya ce Malam hau in kai ka, kar mu rasa raka'a.