Irin GMO: ba haihuwa zai hana mu ba, amma wa ke sa masa ido?

Tun da aka ƙaddamar da masarar GMO mai suna TELA a Abuja a 2024 maganar GMO, wato irin shukar da aka sauya wa ƙwayar halitta a ɗakin bincike, ta ƙi mutuwa, kullum sai ka ji wani sabon odiyo yana yawo a WhatsApp, wannan ya ce iri ne na hana haihuwa, wancan ya ce cutar kansa yake sawa, wani kuma ya rantse in ka shuka shi sau ɗaya gonarka ta mutu kenan. Har Majalisar Wakilai ta sa baki a shekarar, ta nemi a dakata sai an yi bincike. Ni dai ra'ayina, tsoron da mutane ke yi yana da tushe, sai dai mun ɗora shi a inda bai dace ba.

Mu ɗauki wake, tunda shi ne namu. Waken GMO mai suna SAMPEA 20-T da aka amince da shi a 2019 ba daga jirgi aka sauke mana shi ba, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello Zariya aka yi aikin haɗa irin da gwada shi a gona, ƙarƙashin Farfesa Mohammed Ishiyaku. Abin da aka yi shi ne an ɗauko wani ɓangare na ƙwayar halittar wata bakteriya da ke cikin ƙasa, Bt ake ce mata, aka sa a jikin waken, ta yadda in tsutsar maruka ta ci sai ta mutu. Duk wanda ya taɓa noman wake ya san tsutsar nan, wake ya yi fure gwanin sha'awa kana ta lissafin buhuna, sai ka ɓare kwanso ka tarar da rami da kashin tsutsa, in ta yi tsanani tana iya cinye kashi 80 cikin 100 na amfanin. Shi ya sa manomi ke feshi sau shida har sau takwas a damina ɗaya, yaro ya goya tankin feshi ba takunkumi ba safar hannu, maganin na zuba masa a gadon baya, ya gama ya wanke hannu sama-sama ya hau cin tuwo. Da sabon irin, masu binciken sun ce feshi biyu ya wadatar. To don Allah a cikin biyun nan wanne ya fi kusa da kai mutum asibiti?

Kuma gubar da muke ci da gaske ba wanda yake mata odiyo. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a ciki, wato dai fiya-fiya da Sniper da wasu 'yan kasuwa ke zuba wa wake don kar ƙwari su ci shi a sito. Turawa sun ce ba sa so, mu kuma shi muke ƙosai da alala da garau-garau da shi, alhali ga buhun PICS mai gida uku da ke kashe ƙwarin ba tare da ɗigon magani ba. Wallahi wannan ya fi tayar min da hankali.

Amma fa kar masana su riƙa kallon mutane kamar jahilai. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin da Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, yara 11 suka rasu wasu suka nakasa, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutumin da ya ga haka, ba za ka tara 'yan jarida a otal a Abuja ka yi bayani da Turanci ka ce ka wayar masa da kai ba.

Inda nake da damuwa sosai shi ne sa ido. An kafa NBMA, hukumar tarayya mai kula da lamarin GMO, a 2015 don wannan aikin, kuma doka ta ce a sa alama a kan kayan GMO don mai saye ya san me yake saye. To wace alama za ka sa wa tiyar wake a Dawanau? Buhuna daga ƙauyuka daban-daban ake juyewa wuri ɗaya a cakuɗa, mai awo bai sani ba balle uwargida da ta aiko yaro. Ko da abin ba ya cutarwa, haƙƙin mutum ne ya zaɓi abin da zai sa a cikinsa, kuma in wata matsala ta ɓullo nan gaba ta ina za a bi sawunta? Ba zargin kowa nake ba, tsarin kasuwarmu ne dokar ba ta yi la'akari da shi ba.

Sai maganar iri kansa. Waken Samaru manomi zai iya ajiye irinsa ya sake shukawa, amma masarar TELA, su SAMMAZ 72T zuwa 75T, 'yar aure ce, haibirid, in ka ajiye ka shuka baɗi ba za ta ba ka yadda ta ba ka bana ba, dole ka koma shago. Wannan ba laifin GMO ba ne shi kaɗai, duk haibirid haka yake, amma ƙaramin manomi da taki ya riga ya gagare shi an ƙara masa wani kuɗin kenan duk shekara. Kuma fasahar Bt ɗin ta kamfanin Monsanto ce, wanda Bayer ya saye, yau an bayar ba tare da karɓar kuɗin mallaka ba, ya kamata gwamnati ta fito fili ta gaya mana sharuɗɗan da kuma tsawon lokacinsu. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008, zuwa 2016 ta watsar, ba don ta kashe kowa ba, zaren ne ya gajarce farashinta ya faɗi a kasuwar duniya. Irin asarar da ya kamata mu yi ta tambaya a kai kenan tun kafin ta same mu.

Ni ba na goyon bayan a haramta, tsutsar masarar da ta shigo mana a 2016 ba za ta jira mu gama musu ba. Abin da nake so, a fitar da sakamakon gwaje-gwajen a fili, jami'o'inmu da ba su da hannu a aikin su sake gwadawa da kansu, malaman gona su shiga rediyo da Hausa manoma su bugo waya su yi tambaya a ba su amsa. Sannan a ware kuɗi na gaske don adana irin gargajiya, su Kanannado da Ɗan Ila, waɗanda manomi ke so don harawarsu ba don ƙwaya kaɗai ba, saboda in kowa ya koma iri ɗaya ranar da tsutsar ta saba da Bt ɗin, kuma hakan ta faru da tsutsar auduga a Indiya, sai mun nemi abin komawa.