Ibranancin aro a bakin matasanmu

Ran Lahadi da yamma, a taron zumuntar matasa, wani ƙaninmu ya karɓi makirfo ya buɗe Irmiya 29:11, inda Allah ya ce yana da shirin alheri domin mutanensa. Ya ce kalmar da ke wurin a Ibrananci ita ce shalom, wai ma'anarta kuɗi ne da mota da biza. Aka ɗauki tafi, ana amin da ƙarfi, wasu har da miƙewa tsaye. Ni kuwa raina ya ɓaci, ba don yaron ba shi da kirki ba. Na san a waya ya tsinto kalmar, kuma bai leƙa ayar da ke sama ba balle ta ƙasa.

Ƙannena, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wannan aya tana cikin wasiƙar da Irmiya ya aika wa mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe daga Urushalima zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Aya ta 10 ta faɗa musu sai sun cika shekara 70 a can. Aya ta 7 ta ce su nemi shalom na birnin da ya mai da su bayi, su yi masa addu'a. Aya ta 5 da ta 6 kuma sun ce su gina gidaje, su yi noma, su aurar da 'ya'yansu. Wanda ya yi albishir cewa za su koma gida cikin shekara biyu kacal shi ne annabin ƙarya Hananiya, a sura ta 28, kuma shekarar ba ta ƙare ba ya mutu. Wa'azin da kuke tafa wa ya fi kama da na Hananiya.

Shalom 'yar'uwar salama ce, wadda muke yi a kowace ƙofa. Tushenta cikar abu ne, ba giɓi, ba tsaga. Daga wannan tushe aka samo kalmar biyan diyya a Fitowa 22, inda wanda ya saci sa ɗaya zai biya shanu biyar. To kai da ke rubuta Shalom a bayan Keke Napep da kan WhatsApp, bashin mai shago na bara fa? Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Bahaushe ya fi mai karatu da Turanci kusa da waɗannan kalmomi, amma mun gwammace mu aro su daga bakin wani mai wa'azi na Amurka. Ku duba shema, wadda ta buɗe Maimaitawar Shari'a 6:4. Ma'anarta ji, kuma jin nan ya haɗa da biyayya, daidai da yadda uwa take cewa yaron nan ba ya ji, alhali kunnensa garau. Haka dokar girmama uwa da uba a Fitowa 20:12: kalmar ita ce kabbed, daga nauyi ta fito. Mu da muka tashi muna jin nauyin manya, wa zai fassara mana wannan? Sai ga matashi yana zuba Ibrananci a gaban jama'a, a gida kuwa mahaifiyarsa tana magana yana latsa waya, ko durƙusawa ba ya yi in zai gaishe ta. Latse-latsen nan har lokacin addu'a bai bari ba, kai a sunkuye kamar mai tuba, ashe sakamakon ƙwallo ake dubawa.

Haka kuke yi wa Yahweh Yire, wato Ubangiji zai tanada. Kun mai da shi kirarin neman kwangila. A Farawa 22:14 sunan wuri ne, Ibrahim ya raɗa shi a kan dutse bayan ya riga ya ɗaga wuƙa a kan ɗansa. Kowa yana son ragon, ba mai zancen tafiyar kwana uku. Hesed kuma, ƙaunar alkawari da ba ta janyewa, wadda Zabura 136 ta maimaita sau 26, ana rera ta da safe, da yamma a yaudari 'yar mutane da alkawarin aure. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ban hana kowa koyo ba. Ana koyar da Ibrananci a makarantar tauhidi ta Bukuru, akwai fastocinmu da suka sha wuyarsa shekara da shekaru. Ku tambaye su, ku karanta sura daga farkonta, ku rage gaggawar hawa bagade.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Tsofaffin masu bishara da suka taka ƙauyuka da shi a kan keke, yawancinsu ko harafi ɗaya na Ibrananci ba su sani ba. Amma in ɗayansu ya ja aya, sai ya gaya maka wa ya faɗe ta, wa aka faɗa wa, a wane hali. Iyayenmu na zumuntar mata sun haddace zabura sukutum a hasken aci-bal-bal. Yau fassara goma ce a aljihun kowane yaro, ka ce ya buɗe Habakuk sai ya tsaya yana kallonka, ya ce cajinsa ya ƙare.