Matar Pozdnyshev ta cancanci a ji ta bakinta

A shekarar 2009 gidan wasan kwaikwayo na Gate da ke Landan ya ɗora "The Kreutzer Sonata", gajeren littafin da marubucin Rasha Leo Tolstoy ya kammala a 1889, a kan dandamali, bayan marubuciyar wasan kwaikwayo Nancy Harris ta mayar da shi wasa. Labari ne na wani magidanci, Pozdnyshev, wanda yake zayyana wa abokin tafiyarsa a jirgin ƙasa yadda ya daɓa wa matarsa wuƙa har lahira saboda yana zarginta da wani makaɗin goge, kuma kotu ta sallame shi.

A ganina dandamali ya yi wa matar adalcin da littafin bai yi mata ba. A littafin, bakin mijin kaɗai ake ji, babu hujjar cewa ta ci amanarsa, kuma ko sunanta ba a ambata ba. A wasan kuwa, ana hango ta a bayan wani labule shara-shara tana kaɗa fiyano, mai gogen yana amsa mata da kiɗan Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ta yadda mai kallo zai gani da idonsa cewa abin da ke gabansa mutum biyu ne suna kiɗa, sauran kuwa saƙar zuciyar mijin ce, mijin da ya ɗauki matarsa tamkar kayan da ya mallaka.

Sai dai adalcin bai cika ba, domin har yanzu makashin ne ke riƙe da magana daga farko har ƙarshe, kuma gwanin ɗan wasa yana iya sa a tausaya masa a manta da gawar. Wannan yana damuna ƙwarai.

Sofiya, matar Tolstoy, ta ji zafin littafin, domin jama'a sun ɗauka aurenta ake nufi, amma duk da haka ita ce ta je gaban Sarkin Rasha Alexander na Uku a 1891 ta roƙi a sassauta haramcin da hukuma ta ɗora wa buga shi. Ta kuma rubuta nata labarin na martani, inda matar ce ake bin halin da take ciki, amma bai fito ba sai 1994. Duk gidan wasan da zai sake ɗora labarin Pozdnyshev, ya kamata ya haɗa shi da na Sofiya a dare ɗaya.