Fanshon Baba Maigadi Na Cin Dusa

Ranar Litinin da safe ne, a ofishin Alhaji na kamfanin ruwan leda. Akawu ya shigo da fayil a hammata, Baba Maigadi na biye da shi riƙe da ƙaramar wayarsa mai tocila wadda aka ɗaure da kyauro.

ALHAJI: Akawu lafiya na ganka da rakiya? Wa aka bar wa ƙofa?

BABA: Ƙofa na nan inda take Alhaji, ba ta zuwa ko'ina. Ni dai alat nake nema.

ALHAJI: Ba a biya ka albashi ba?

BABA: An biya. Na fansho nake nufi. Maigadin kamfanin da ke kallonmu duk wata wayarsa sai ta yi ƙara, ni kuwa shekara guda ke nan tawa shiru, har wajen mai gyara na kai ta ya caje ni ɗari biyar ya ce lafiyarta ƙalau.

AKAWU: Ranka ya daɗe, dama maganar da na zo da ita kenan. Kwangilar nan ta gwamnatin tarayya da kake nema, sun ce sai mun kawo takardar shaida daga PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, cewa muna zuba kuɗin fanshon ma'aikata.

ALHAJI: To ai muna cira! Kai da kanka kake cirewa duk wata.

AKAWU: Cira muna cira, kashi 8 daga albashin kowa. Zubawar ce ba ma yi. Kuma kai ma akwai naka kashi 10 da za ka ɗora a kai, ya zama 18.

ALHAJI: Nawa kuma? Ni zan yi ritayar ko su? Da can ba bakwai da rabi ba ne?

AKAWU: Wancan dokar 2004 ce ranka ya daɗe, tun 2014 aka canza. Ka ɗauki Baba, albashinsa dubu 70, ana cire masa 5,600, kai ka sa 7,000, duk wata 12,600 ya kamata su faɗa asusunsa, kuma cikin kwana bakwai na aiki bayan an biya albashi, ba sai bayan sallah ba.

BABA: Ɗan nan maimaita, nawa ka ce?

AKAWU: Dubu goma sha biyu da ɗari shida Baba.

BABA: Sau wata goma sha biyu. Alhaji ashe ni mai kuɗi ne nake kwana kan benci.

ALHAJI: Kai Baba kwantar da hankalinka, kuɗinka na nan ba abin da ya same su. Juya muku su nake yi. Waɗancan kamfanonin fanshon ka taɓa ganin kuɗinka a hannunsu da idonka? Ni kuwa leƙa bayan ofis ka gani, raguna ashirin da huɗu, suna cin dusa suna ƙiba.

Akawu ya dafe kai. (Shi ne fa yake rubuta kuɗin dusar a littafi, a ƙarƙashin "gyaran janareta".)

AKAWU: Ranka ya daɗe doka ba ta san rago ba. Kuɗin ma ba a hannun kamfanin fanshon suke zama ba, akwai wani daban mai ajiya, shi ake tura wa, da jadawalin sunan kowa da lambar asusunsa. In ka tura kuɗi babu jadawali ma sai su tsaya a sama ba su shiga asusun kowa ba. Sannan duk watan da aka yi jinkiri akwai tara, ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na abin da ba a zuba ba.

ALHAJI: Duk wata? A'uzubillahi, wannan ai kuɗin ruwa ne. Ni ba na cin riba ba na bayarwa.

BABA: Amma kana cin na maigadi.

ALHAJI: Baba da kai ake magana? Akawu tsaya, na ji an ce dokar sai mai ma'aikata goma sha biyar. Mu nawa ne?

AKAWU: Ashirin.

ALHAJI: Cire direbobin nan biyu, 'ya'yan yayata ne, zumunci suke yi ba aiki ba. Cire masu ɗaurin leda uku. Cire Baba, shi ai ɗan gida ne.

BABA: Ɗan gida? Yau shekara tara ko tuwon gidanka ban taɓa gani ba.

AKAWU: Sunayensu duk suna cikin takardar albashin da banki ke biya ranka ya daɗe, kuma hukumar tana da wakilai masu bin bashi, littafin za su buɗe. Wata matsalar ma, Baba, lambarka ta fansho an rubuta an haife ka 1985, a katin ɗan ƙasa kuma 1979. Sai an daidaita kafin ka iya taɓa ko sisi.

BABA: Duk ƙarya ne. Ni shekarar da aka daina fam da sule aka haife ni, inna ta ce da sabuwar naira aka sayi ragon sunana.

AKAWU: 1973 kenan. To wa ya rage maka goma sha biyu?

BABA: Alhaji ne ya ce ba ya ɗaukar tsoho aiki.

AKAWU: Ai ka cuci kanka Baba, sai mutum ya kai hamsin yake fara karɓa in ya yi ritaya. A takarda kai yaro ne, sai 2035.

BABA: To a mayar min da shekaruna, ina so.

Alhaji ya jawo kalkuleta ya danna ya danna, ya cire hula ya share gumi ya mayar.

ALHAJI: Yanzu in na sayar da ragunan duka zai isa?

AKAWU: Na ma'aikata zai isa. Naka kashi goman da tarar kuma sai dai a duba motar Hajiya.

ALHAJI: Kar ka sake ka ambaci motar nan. Je ka kira dillali ya zo ya ga raguna ashirin da huɗu.

BABA: Ashirin da uku Alhaji. Babban mai ƙahon nan tun asuba na ɗaure shi a ɗakin gadi, in alat ya shigo ku zo ku kwance abinku.