Ni da Injin Goge Katako

Uwargida ce ta jawo komai, ranar da ta ɗaga gefen kafet ɗin falo ta ga katako a ƙasa. Kun san gidajen nan na Bradford a Ingila masu manne da juna, ginin zamanin Sarauniya Victoria, daɓensu katako ne aka bi aka lulluɓe. Ta ce sai an goge an shafa folish irin na gidan ƙawarta. Mai aikin ya zo ya auna, ya ce fam 30 kowane murabba'in mita. Falon mita 20 ne, fam 600 ke nan, ban da kuɗin cike tsagogin da ke tsakanin katakan. Na buga lissafi a naira, na ga miliyan ɗaya har da ɗoriya, na ce masa ya je zan kira shi. Da safe na tafi shagon hayar kayan aiki na ɗauko injin da kaina.

Ba zan ci haƙƙin yaron shagon ba, ya yi bayani. Samfefa iri uku ya ba ni: mai lamba 40 ta kankare tsohon fenti, mai 80 ta daidaita, mai 120 ta sa santsi. Ya ce in bi kowace ƙusa da guduma sai kanta ya nutse, kuma kada in bar garin katako ya kwana a jakar injin, don yana iya kamawa da wuta shi kaɗai. Yana cikin faɗin wani abu game da hannun injin sai wayata ta yi ƙara. Ƙanin uwargida ne. Wai, "Yaya, kada ka fara sai na zo, ai na taɓa zama shagon kafinta."

Ya zo kuwa, cikin farar shadda da hula, ya zauna a kan matakala da robar dambun naman da Hajiya ta aiko mana. Shi ne aikin da ya yi ranar.

Ashe abin da yaron shagon yake faɗa shi ne, a danne hannun injin gangar da ake naɗa wa samfefa ta ɗaga sama kafin a kunna, sannan a sauke ta a hankali ana tafiya. Ni kuwa gangar na zaune daram a kan katako, ina sanye da jallabiya da silifas, na yi bisimilla na danna.

Jama'a, injin nan bai yi shawara da ni ba. Fizga ɗaya ya yi sai ga ni a guje a bayansa, kamar mai riƙe da garma shanun sun firgita. Silifas ɗaya ya tsaya a inda muka taso. Ina so in saki, ina tuna kuɗin ajiyar da na bari a shago. Ina so in kashe, yatsana ya manta inda makunnin yake. Ina jin kaina ina cewa "kai, kai, kai", wai injin nake tsawatarwa. A tsakiyar falo ya taka ƙusar da ta tsere wa guduma, ji kake tau! samfefar ta yage, jakar ƙura ta fice, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka. Muka isa bango tare. Shi ya tsaya yana haƙa, ni na yi zaman 'yan bori, jallabiya ta naɗe har wuya. Uwargida ce ta zo ta zare filogin, ta dube ni fari fat har gira, ta ce, "Abban yara, sannu da ƙoƙari." Da ma zagina ta yi.

Shi kuwa mai farar shadda ko motsi bai yi ba, wayarsa na sama tun daga bisimillar. Kafin in karkaɗe jikina bidiyon ya shiga WhatsApp na dangi, har an ɗora masa kiɗan kalangu. Yaron nan fa ni na je Manchester na ɗauko shi daga filin jirgi cikin sanyin Janairu, a falon nan ya kwana kafin ya sami ɗaki, rigar sanyin da yake taƙama da ita tawa ce. Da na tsare shi kan maganar shagon kafinta, sai ya ce ai zama ya ce ya yi, bai ce ya koya ba. Wai shagon abokinsa ne, nan suke cajin waya.

Mai aikin ya dawo. Ya tsuguna ya bi ramin da tafin hannu tun daga tsakiyar falo har bango, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tambayi wanda ya yi. Yaron nan ya nuna ni da cokali. Kuɗi ya koma fam 750, don sai an zaftare falon gaba ɗaya ya sauko daidai zurfin ramin.

Na ce masa zan kira shi. Yanzu dai darduma ce a wurin. In wani ya ga yaron nan, ya ce masa robar dambun ma ta Hajiya ce, tana nema.