Inci biyu a wandon Sallah

Kun dai san Allah bai ba ni tsawo ba, kuma ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Ɗan Yaya ne ya jawo min, wannan zanƙalelen da ke karatun likita a Shika. Yana bitar jarrabawa da ƙarfi a zaure, ni ina kwance a tabarma, sai na ji ya ce sinadarin girma ya fi fita idan mutum ya yi barci mai nauyi a farkon dare, kuma yunwa da motsa jiki suna ƙara shi. Ban tsaya jin sauran ba.

Wata guda cur, ina idar da isha'i sai gado, babu tuwo. Majalisa na ce musu mura nake. Da asuba in zuba gudu daga Tudun Wada har Ƙofar Doka. Na ja layi da gawayi a bayan ƙofa, a sati na uku na ga na wuce shi. Ashe da silifas na auna. Wannan ne ya kai ni wurin telanmu na ce ya ƙara inci biyu a wandon Sallah.

Ranar Sallah da yamma na iso teburin mai shayi, wando yana min shara a baya. Kowa na nan, har yaron. Wani ya ce aron wa na yi? Kafin in buɗe baki tela ya ajiye kofinsa ya ce, "Wallahi ba laifina ba ne, shi ya ce in ƙara, wai girma yake yi."

Wurin ya yi tsit. Yaron ya dube ni da irin tausayin da ake yi wa mara lafiya.

"Kawu, wai abin da na karanta ne ka ji?"

Da ya yi dariya ya wuce da ya fi min. A'a, sai ya jawo gwangwanin madara da biredi ya buɗe aji. Gwangwani shi ne haifotalamus, can cikin ƙwaƙwalwa, wai kamar ɗan acaɓa yake: yana da totur mai suna GHRH, yana da birki mai suna somatostatin. A ƙarƙashinsa ya ajiye ƙwayar suga, wai fitutari ke nan, ɗan ƙullutu da bai wuce ƙwayar wake ba, shi ke sakin sinadarin cikin jini, ya zo ya ɗauke kamar ruwan famfon unguwarmu. Ciki in ya ji yunwa ya aiko da nasa saƙon, girelin, a ƙara wuta. Biredi kuma hanta ce, ita ke karɓa ta haɗa IGF-1 wanda ke sa ƙashi ya miƙe, in ya yi yawa ya koma sama ya ce a taka birki.

Na ji ƙarfina ya dawo. Na ce, "To kun ji! Ai abin da na yi ke nan."

"Kawu, shekarunka nawa?"

Na ce 34, a hankali. Mai shayi ya maimaita da ƙarfi don na bencin baya.

Ya ce akwai guringuntsi a bakin dogayen ƙasusuwa, daga nan tsawo ke fitowa, da an gama balaga sai ya zama ƙashi ya rufe. "Naka, Kawu, tun 'Yar'aduwa na mulki ya rufe. Ko sinadarin ya yi yawa yanzu, hannu da ƙafa da muƙamuƙi ne za su ƙaru."

Mai shayi ya ce to a sayo min takalmi lamba 46 a ajiye.

Shi fa wannan mai shayin shi ya fi ƙona min rai. Mutumin da sai ya taka akwatin lemo yake sauko da gwangwanin Bournvita daga kanta! Na auna shi da ido ba sau ɗaya ba, ban da hula babu abin da ya fi ni. Ga canjina naira 200 a wurinsa tun azumi, kullum "gobe". Yanzu ko indomi na ce ya dafa min sai ya tambaya ta masu girma ko ta waɗanda suka gama.

Tela ya ce rage wandon naira 500 ne. Wai shi kuma a nasa ganin aiki biyu ne. Yana nan rataye a bayan ƙofa, ya rufe layin gawayin, ban kai masa ba tukuna.